Gonar Kakanmu Ta Koma Fuloti, Ni Kuma Har Yau Ina Gidan Haya

Ni dai malamin makaranta ne a Birnin Kebbi, shekara 9 kenan ina gidan haya, ciki da falo, mata ɗaya yara 4, kuma duk ƙarshen shekara in na hango yaron mai gida da takarda a hannu sai gabana ya faɗi don na san ƙari ne ya zo. Na fara da wannan ne don kar wani ya karanta ya ce ai irin mutanen nan ne da suka gina nasu suka tare, suka dawo suna yi wa mutane wa'azin a bar gona a bar itace. A'a wallahi, ni ma neman inda zan sa haƙarƙarina nake. Sai dai abin da ya faru da gonar kakanmu daga 2018 zuwa yau ni ne na riƙe biro da littafi a duk zaman da aka yi, wai ni ne ɗan bokon gida, shi ne na ce bari in zayyana shi yadda ya gudana, don na san gidaje da yawa na kan irin wannan gaɓar yanzu haka.

Gonar a bakin gari take, ba zan faɗi shiyyar ba don har yanzu akwai masu jin zafin maganar. Hekta 4 ce, haka safiyo ya auna daga baya. Wanda ya san Birnin Kebbi ya san garin a bisa tudu yake, fadama na ƙasa a shimfiɗe gulbi na ratsa ta, to gonar ma haka take a taƙaice. Sama jigawa ce, gero da wake da ɗan gyaɗa, da gawo guda 7 da marigayi bai taɓa bari a sa musu gatari ba, yana cewa gawo taki ne da Allah ya dasa da kanshi. Kuma gaskiyar shi, itacen da ke kakkaɓe ganye da damina ya bar wa gero rana, da rani ya yi ganye dabbobi su kwanta a inuwa su bar kashi, ai duk geron gindin gawo zangarniyar shi daban ce. Ƙasa kuma kwari ne, nan duk ruwan da ya sauko daga tudun ke taruwa ya kwana biyu ko uku kafin ya sulale fadama, a nan ake shinkafa, ga mangwaro a gefe. Ta gabas akwai burtali, shanu na bi su gangara mashaya tun kafin a haifi babana.

Muna yara zuwa gonar nan tafiya ce, sai an cika gora da ruwa. Yanzu ɗan kabu-kabu zai sauke ka bakin ta ba ka fita cikin gidaje ba. Kuma ba abin mamaki ba ne. Ranar 27 ga Agusta 1991 Babangida ya cire Kebbi daga jihar Sakkwato, garin Sarkin Gwandu ya wayi gari babban birnin jiha, ma'aikata suka kwaso kaya daga Sakkwato suka dawo babu isassun ɗakunan da za su shiga. Aka yi gidajen Gesse, aka yi rukunin gidaje zamanin gwamna Aliero, Badariya da Bayan Kara suka cika suka batse. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Birnin Kebbi mutum dubu 268 da 'yan kai, kuma yaran da aka ƙidaya a goye a lokacin yau su ne ke neman aure. Ga kwalejin Waziri Umaru, ga jami'ar tarayya da ta zo 2013 ta ja gari ya nufi Kalgo, ga filin jirgi a Ambursa ya ja ɗaya ɓangaren. A Nuwamba 2015 Buhari ya zo nan garin ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa, kuɗi suka shigo hannun wasu, kuma ka san mutumin mu, in ya samu rarar kuɗi ba banki yake tunani ba, fili yake tunani. Bayan nan kuma ga 'yan uwanmu da ɓarayin daji suka taso daga Danko-Wasagu da Sakaba da Zamfara, kowa da iyalin shi, kowa na neman ɗaki ko da ɗaya ne. To ƙarancin gida gaskiya ne, ba sai an kawo min lissafin Abuja na gida miliyan 17 ba, wanda shi kan shi Fashola yana ministan gidaje ya ce bai da tushe. Ni a aljihuna nake jin shi.

Kakanmu ya rasu 2018, Allah shi jiƙan shi. Ya bar mata ɗaya, wato Kaka, da 'ya'ya maza 3 da mata 4. Ba a yi arba'in ba dillalai suka fara zuwa gaisuwa, irin gaisuwar da ake yi ido na kallon gabas. Zuwa farkon 2019 an shawo kan Bappa ƙarami, shi kuma ya shawo kan sauran, maganar shi ɗaya ce kuma ba ƙarya ba ce: geron shekara 20 ba zai kai kuɗin fuloti 2 ba, ga yara sun girma gidan gado ya yi mana kaɗan, ɗaki ɗaya samari 5. Aka kawo dillali da yaran shi da igiya da turaku. Awon igiya kenan, babu safiyo, babu takardar gwamnati, sai mai unguwa da shaidu. Ya fitar da fuloti 80, ƙafa 50 a 100 kowanne.

Ni a lokacin murna nake, sai daga baya da na zauna da kalkuleta na ga abin da aka yi. Fuloti mai 50 a 100 ya kai murabba'in mita 465, sau 80 ya tashi dubu 37 da 200, gonar duka kuma dubu 40 ce. Wato abin da aka bar wa tituna da lambatu da masallaci da komai da komai bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Lungunan da ya fitar ko tifa ba za ta juya ba. Sannan jeri ɗaya na gabas, fuloti 8, rabin shi a cikin burtali yake, don shingen gonar dama ya daɗe yana ɗan matsawa taku ɗaya taku biyu duk shekara, kamar yadda kowa ke yi, dillalin kuma ya ƙara nashi. Shi la'ada yake ci a kan kowane fuloti, to me zai sa ya bar hanya mai faɗi?

Rabo ya zo da sauƙi a takarda, har ina jin daɗin yadda lissafin ya faɗa cif. Kaka tumuni, fuloti 10. Saura 70 a raba 10, namiji 14 mace 7. Inda aka yi kuskuren da ya kusa raba zumunci shi ne wajen cewa wa zai ɗauki ina. Aka ce manya su fara zaɓe, maza suka ɗauki sama kusa da hanya, gwaggonni biyu suka samu tsakiya, Kaka da sauran gwaggonni biyu aka ba su kwari, har ana cewa ai an yi musu gata, su da ke son shinkafa da mangwaro. Ba wanda ya yi niyyar zalunci, ni shaida ne, kowa gani yake fuloti fuloti ne. Bappa ƙarami kafin azumi ya sayar da nashi 14 kaf, ya biya kujerar Makka, ya aurar da 'ya, ya sayi mota. Gawo 7 ɗin nan a mako ɗaya suka koma itacen girki.

Sai damina ta 2020. Kowa ya tuna ta, shekarar da shugaban ƙungiyar manoman shinkafa na jiha ya ce ruwa ya ci kusan hekta dubu 450. Mu namu ba gulbi ne ya hau ba, ruwan sama ne kawai ya sauko daga tudu kamar yadda ya saba, sai dai wannan karon ya tarar an canza mishi hanya. Gonar da ke ƙasa da tamu an riga an yanka ta shekaru 3 kafin tamu, mutane sun gina a bakin inda kwarin ke zubarwa, wani ma ya ja katanga ya tare mafitar gaba ɗaya. Sama kuma inda jigawa ke shanye ruwa an fara daɓe ta da siminti, kwanon rufi na zubo nashi. Ruwa ya taru a kwarin mu ya kai ƙirji, ya kwana 9 maimakon 3, da ya samu ƙofa kuma ya fita da ƙarfi ya kwantar da katangu, gidajen ƙasa guda 5 suka zauna. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma na ga mace tsaye da tukunya a ka da goyo a baya tana kallon inda ɗakin ta yake jiya. Kuma waɗannan mutanen ba masu kuɗi ba ne, sun sayi wurin ne saboda shi ne mai araha, araha kuma saboda hanyar ruwa ce. Da rani aka nuna musu, ƙasa a bushe ƙayau.

Bayan ruwa ya janye ma'aikata suka zo da mota da jan fenti. Suka zagaya, suka ce daga nan zuwa nan hanyar ruwa ce ba a yarda a sa ko bulo ɗaya ba, suka kuma ce burtali a mayar da shi yadda yake, don Arɗo ya riga ya kai kuka. A tsaye a wurin na lissafa, kwari fuloti 24, burtali 8, wato 32 sun tashi, saura 48. Kuma 24 ɗin nan duka na Kaka ne da gwaggonni biyu, babu ko ɗaya na namiji.

In faɗi gaskiya hukuncin daidai ne. Wanda ya ga ruwan nan da idon shi ba zai ce a gina kwarin ba. Abin da ya ci min rai lokacin da aka zo ne. Shekara 3 ana gini a ƙasan mu, shekara ɗaya da rabi turakun mu na tsaye kowa na gani, ba wanda ya ce uffan sai da katanga ta faɗi. Na je ofis na tambaya ko akwai diyya, wani dattijo mai kirki ya zaunar da ni ya ce malam ai ba a ƙwace muku ba, gonar ku na nan ku ci gaba da noma, gini kawai aka hana. Ya ƙara da cewa ko da ƙwacewa aka yi, doka ba ƙasa take biya ba, abin da ke bisa ƙasa take biya. Na dawo na nemi dokar na karanta, wato dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta zamanin mulkin soja na Obasanjo, wadda ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki yadda taɓa ta sai an yi gyaran kundi. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke mallaka saboda amfanin jama'a, na 29 ya ce a biya gini da shuka da makamantan su. Abin da ya fi ba ni kunya sashe na 36, inda aka ce gonar karkara da mutum ke riƙe da ita tun kafin dokar ba a yarda a yanka ta fuloti-fuloti ba, a cikin birni kuma sashe na 34 ya ce sai da izinin gwamna. Wato ta kowace fuska awon igiyar mu ba shi da ƙafa a doka. Amma ka zagaya bakin garin nan ka gaya min unguwa nawa ce ba da igiya aka haife ta ba. Talaka bai da hanyar samun awon gwamnati, in an fitar ma kafin ya ji labari an rabe, to igiya ita ce ma'aikatar filayen shi.

Rikicin gida kuma sai ya taso. Gwaggo ƙarama, mijin ta ya rasu tana da marayu 6, ita ce ta fara magana a zaman da aka yi a zauren gidan gado, kuma ban taɓa jin ta ɗaga murya gaban yayyen ta ba sai ran nan. Ta ce wa babana, "Yaya, ni ban iya boko ba amma na iya ƙirga. Ku kun ɗau wurin da ruwa ba ya zuwa, mu anka ba mu wurin da ruwan ku ka zuwa. Yanzu an ce a bar kwari don gari shi tsira, to mu kaɗai ne 'yan gari?" Zauren ya yi tsit. Bappa ƙarami ya ce ai rabo ya riga ya wuce, kowa ya sa hannu, ƙaddara ce ta faɗa musu. Kaka na gefe tana jan carbi, ta juyo ta ce min, "Kai mai gidana, rubuta wagga magana tashi da kyau, don in na tahi in kai ma uban shi."

Tambayar Gwaggo ita ce duk abin da na koya a wannan lamarin, kuma ban ji an yi ta a rediyo ko taron bita ba. Kowa na cewa a kare fadama, a kare burtali, a dasa itace, ga Kebbi na cikin jihohi 11 na shirin ganuwar itatuwa ta Afirka, ga shirin ACReSAL na Bankin Duniya na dala miliyan 700 da aka amince da shi ƙarshen 2021 don gyaran ƙasa a arewa. Duk da kyau. Amma kwarin da aka ce a bari na wani ne. Amfanin barin shi na unguwa ne duka, har da wanda ya gina sama yana turo ruwa, asarar kuma ta mutum ɗaya ce, kuma in ka bincika yawanci mai raunin ne, don mai ƙarfi tun wajen zaɓe ya ɗauki tudu. In ba a raba asarar nan ba, mai kwari zai jira ma'aikata su juya baya ya sayar wa wanda ya fi shi talauci, shi ke nan an koma gidan jiya.

Liman ne ya warware mana, ba kotu ba. Ya ce rabon ƙasa a fiƙihu ba faɗi kawai ake dubawa ba, sai an daidaita ƙima, kuma in ta bayyana an yi wa wani ɓangare mummunar tawaya ana iya komawa. Ya kuma yi mana wani karatu da ya tsaya min a rai. Ya ce ku 'yan boko kuna ɗauka hana gini a wani wuri Bature ya kawo, alhali kalmar hurumi da kakannin ku ke faɗa daga harimi take, gari na da harimin shi inda ake kiwo da itace, rijiya na da nata, rafi na da nashi, ba mai mallake su shi kaɗai, kuma Malam Abdullahi na Gwandu littafi guda ya rubuta a kan hukuncin mallakar ƙasa. Na taɓa karanta yadda Ingila suka zagaye Landan da wasu biranen su da filin da aka hana gini tun wajen shekarun 1950, har yau suna faɗa a kai, matasa na cewa shi ya sa gida ya gagare su. To mu namu hurumin ya riga nasu, bambancin kawai shi ne na da na kowa ne, ba a ɗora wa bazawara ɗaya ta riƙe wa gari. Ko dokar makiyaya ta Arewa ta 1965 haka ta yi, ta ware fili ne da sunan jama'a.

An yi zama 6 kafin a daidaita, na ƙarshe a gaban uban ƙasa. Abin da aka tsayar: kwari ya fita daga rabo, ya koma gandun gida, ana nomawa a raba amfanin bisa kason gado. Burtali a sakar wa shanu, mu ma mun san ba namu ba ne. Fuloti 48 da suka rage a sake rabawa, Kaka 6, maza 8-8, mata 4-4, ya tashi 46, biyun da suka yi saura a sayar a biya safiyo a sa kwalbati a inda hanya ta ratsa ruwa. Babana da Bappa babba suka mayar da abin da ya hau kason su, ba da daɗin rai ba amma sun mayar. Matsalar Bappa ƙarami ce, ya sayar da 14 alhali 8 ne nashi, 6 na 'yan uwa mata ne, kuɗin kuma sun zama Makka da mota. Aka yi ta ja a kan farashin da zai biya, na 2019 da ya sayar ko na ranar sulhu, don kafin nan fili ya ninka. Uban ƙasa ya raba gardama ya tsayar da tsakiya, ya ce motar a sayar a fara rage bashi, sauran kuma kason shi na shinkafar kwari ya riƙa tafiya wurin ƙannen shi har ya gama. Bappa ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga hukunci ya yi min tsauri." Uban ƙasa ya ce mishi tsaurin na lahira ya fi.

Abin dariya, kwarin da aka raina shi ne yanzu ke biyan bashin tudu. Mun haƙa rijiyar bututu biyu, ruwa kusa yake ba ya kai wani zurfi, muka sa inji, ana yin damina ana yin rani. Shekarar da ta yi kyau mukan ɗauke buhu 40 da wani abu na shanshera a noman rani kaɗai, duk da cire tallafin mai a Mayu 2023 ya sa injin na cin riba sosai, har muna maganar sola. Kuma tun da aka buɗe mafitar ruwan aka sa kwalbati, damina 2022 da ta yi ɓarna a wurare da yawa ruwan mu kwana 3 ya yi ya wuce abin shi.

Yanzu ga inda nake so masu cewa ai dole a ci gona don mutane su samu gida su tsaya su duba da ni. Watan jiya na ɗauki littafin nan na zagaya fuloti 48 ɗin ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda aka gina har mutum na kwana a ciki 11 ne. Guda 9 an fara an tsaya, wasu a tushe wasu a linta, ciki har da nawa, don Baba ya ba ni ɗaya cikin nashi, na kai linta da kuɗin adashi sai siminti ya haura dubu 10 a farkon 2024, buhun da muke saye ƙasa da dubu 3 lokacin da aka yanka gonar, ga shi a Kalambaina ta Sakkwato nan kusa ake yin shi. Ana cire min kashi 2.5 na asusun gidaje a albashi shekara da shekaru, amma bashin su sai da takardar mallaka ta gwamnati, filin igiya kuma samo mishi takarda wani dogon zance ne. Sauran 28 fa? Babu komai. Wasu an ja katanga an sa ƙofa da kwaɗo, wasu bulo huɗu-huɗu a kusurwa. Mutum ɗaya na da 6 a jere, yana Abuja, bai taɓa zuwa ba, yaron shi ke leƙowa ya ɗauki hoto. Wani fulotin an sayar da shi sau 4 ba a taɓa zuba tifar yashi ɗaya ba. Ba gida suka saya ba, ajiya suka yi, don naira na narkewa fili kuma ba ya narkewa, kuma ban ga laifin su can can ba, ni ma da ina da shi ƙila haka zan yi.

Amma ka duba sakamakon. Gona ta daina ba da gero tun 2019, gawo sun tafi, gida 11 kawai aka samu, ni jikan mai gonar ina haya. Kuma saboda waɗannan 28 ɗin na kulle, mai neman wurin gini na gaske dole ya wuce gaba ya sa a yanka wata gonar, ko ya gangara kwari inda ya fi araha. Haka garin ke ta miƙewa kamar tabarma, tsakiya huhun ma'ahu, baki na cin gonaki. Da za a ƙirga kangaye da filayen da aka katange aka manta tsakanin Gesse da hanyar Kalgo, ina da yaƙinin za a zaunar da dubban iyalai ba a taɓa ko kunya ɗaya ta fadama ba. Takardun da gwamnati ke bayarwa da sharaɗin a gina cikin 'yan shekaru suke zuwa, wa ka taɓa ji an karɓe wa? Ni da za a tambaye ni, fili a cikin gari da ya shekara 5 a kulle a sa mishi haraji mai ɗan zafi, kuɗin a biya masu kwari da masu gefen burtali da aka hana gini, ko a musanya musu da tudu. Sannan jan fentin nan a kai shi gonakin da gari bai kai ba tukuna, a kafa turakun siminti a hanyar ruwa tun dillali bai zo gaisuwar mutuwa ba.

Mu ma da namu. Kowa so yake 50 a 100 ko 100 a 100, da tsakar gida da wurin tumaki, in ka ce bene a ce za a riƙa leƙa matan maƙwabta, kuma wannan damuwa ce ta gaske ba ƙauyanci ba, sai dai magini mai hankali ya san inda zai sa taga. Ni da na tsaya a linta yanzu na gane rabin filin nan ya ishe ni, da na sayar da rabi tun farko da na yi rufi na tare. Na gaya wa Baba haka ya ce in na raba filin da ya ba ni kar in ƙara gaishe shi.

Kaka ta rasu bara, Allah shi yi mata rahama, ta bar wasiyya da baki cewa kar a taɓa mangwaron kwari. Bappa ƙarami saura kaɗan ya gama biya, suna gaisawa da Gwaggo yanzu, har ya kai mata goron Sallah. Shanu na bin burtali, ko da yake can gaba wajen wata sabuwar unguwa ya tsuke ya koma kamar lungu, Arɗo ya ce in sun kai nan sai yara sun jera su ɗaya bayan ɗaya.

Makon da ya wuce Gwaggo ƙarama ta kira ni, ta ce wani dillali ya zo har gida, sabo ne ba wancan ba. Wai akwai wani Alhaji da ke son kwarin duka, zai cike shi da burji tifa 300 ya ja lambatu ta gefe, maganar takarda kuma a bar mishi ya san hanya. Kuɗin da ya ambata ya fi shinkafar shekara 15, ita kuma babban ɗan ta ya samu gurbi a jami'ar Aliero, biyu mata na jiran kayan ɗaki. Ta ce, "Ɗana, ɗauko littahin nan naka ka zo, ka lissafa min kasona nawa na cikin wanga kuɗi, ba cewa na yi na yarda ba, so nike in sani." Na ce to Gwaggo, ina nan zuwa ran Asabar.